Ranar da Muka Baro Doya a Iware

Ko tsufa ya taɓa mini hankali, ba na jin zan manta da ranar da muka baro doyarmu a kasuwar Iware, muka dawo Jalingo a guje saboda wani fili.

Filin yana tsakiyar unguwarmu, ba komai a cikinsa sai bola da awaki. Ƙaramar hukuma ta ce za ta yi mana gini a wurin, amma mu za mu zaɓa: ko jerin shaguna, ko ƙaramin asibiti. Maza suka kafe sai shaguna. Mu kuwa asibiti muke so, don mun gaji da kwasar mai naƙuda a keke napep, ga hanya duk ramuka. Ƙanwata a cikin keken ta haihu, da zanina na tari jaririn.

Kansila ya ce ƙato bayan ƙato za a yi, kowa ya tsaya a layin abin da yake so, a ƙirga. Sai dattawa suka sa taron ranar kasuwar Iware, ranar da rabin matan unguwa ke tafiya sarin doya, kuma ba wanda ya gaya mana. Har yau suna rantsuwa mantuwa ce. Ni dai jin su kawai nake yi.

Ina tsakiyar ciniki maƙwabciyata ta bugo waya: "Maman yara, kuna ina? Mutanen lokal gwamman sun zo fa, an fara layi!"

Raina ya ɓaci. Na bi rumfa-rumfa ina kwala wa matan unguwarmu kira, kowa ta saki abin da ke hannunta. Akori-kurar da muka yi shata don kaya, ita muka ɗare.

"Mama, doyan fa?" in ji direba.

"Yau mu ne doyan, ja mota!"

Kai, ban taɓa jin daɗin tafiya irin wannan ba! Matan zumuntar coci suka ɓarke da waƙa, matan Islamiyya suna tafi, mutanen hanya suna tsammanin amarya muka ɗauko.

Muka tarar layin shaguna ya miƙe har bakin titi, namu kuwa abin tausayi. Jauro, wato mai unguwarmu, ya ce mun makara. Kansila ya yi dariya ya ce, "Baba, ai ba a fara ƙirga ba. Unguwansu ne, a bari su shiga." Muka shiga, amma duk da haka sun ɗan fi mu.

Sai maƙwabciyar nan tawa, da cikinta ya tsufa, ta hango mijinta a can layin shaguna. Ta riƙe ƙugu ta ɗaga murya: "Baban yara, a shago zan haihu ko?"

Wuri ya kece da dariya. Bawan Allah ya sosa ƙeya, ya tako ya tsaya a bayanta. Wani ya biyo shi, wani ma ya biyo. Kafin a gama ƙirga mun fara guɗa, ni har da rawa da hawaye.

Bayan nan da mu aka riƙa zama da ma'aikatan, mu muka ce a sa famfo da benci a inuwa. Asibitin ba wani babba ba ne, amma a nan 'yata ta sauka bara, da ƙafa muka taka.

Tun ranar na gane, in ana maganar unguwarki, ki kai kanki wurin. Wadda ba ta nan ba a ƙirga ta.