Zaren Iya Tambaya

Shekara ashirin da bakwai na yi ina yankan tikiti a tashar jirgin ƙasa ta Gusau, ban ga wanda ya yi wa fasinja aiki kamar Iya Tambaya ba, ita da ba ma'aikaciya ba. Waina take toyawa a bakin layi, gindin dalbejiya ta biyu daga tagata.

Zariya ce mahaɗa. A can mai zuwa Kano zai sauka ya hau wani jirgi, mai zuwa Kudu ya hau wani daban. Mutanen ƙauye da na ruga ba sa karanta allo, tikitin ma a ƙulle yake a bakin zane. Sai Iya ta riƙa ɗaura wa kowa zare a hannu: ja na Kano, baƙi na Kudu. Ƙanwarta Huseina, mai dafaffen rogo a tashar Zariya, ita ke duba hannaye tana raba su.

A watan Maris na 1998, bayan na yi ritaya, aka turo wani jami'i ya gyara tasha, wai Gusau ta zama babban birnin jiha. Ina zaune a bencin Iya ran da ya zo.

"Inna, kwashe tandarki. Wannan ƙulle-ƙullen tsubbu ba a nan ba."

"Tsubbu? Mi zare ya yi maka? Tun kana goye nike ɗaura shi."

"Akwai allo a Zariya."

"To bi su ka karanta musu!"

Na miƙe na yi masa bayani dalla-dalla, har da Turanci. Ya ce tsoho ya je gida ya huta. Aka fitar da tanda, ya kuma sa ana tsinke zaren duk wanda ya shigo da shi ta ƙofa.

Talatar da ta biyo, wata dattijuwa mai suna Inno ta taho daga ruga wajen Bungudu, za ta Kano a duba mata ido. Iya ta ɗaura mata jan zare a waje, aka tsinke shi a ƙofa. Huseina ta ga hannu ba zare, ta ɗauka nan Zariya za ta tsaya. Inno ta bi cunkoso ta hau jirgin Kudu. Kwana goma sha ɗaya 'ya'yanta suna nema kafin a same ta a Minna.

Na koma wurin jami'in da labarin. Ya ce laifinta ne da ba ta duba allo ba. Matar da ciwon ido ya fito da ita daga gida!

Iya ba ta roƙe shi ba. Ta ɗaure tanda da ƙwaryar zarenta ta koma tashar Tsafe a kan hanyar Zariya, inda ikonsa bai kai ba. Minti biyar jirgi ke tsayawa a can, ran da ya ga damar zuwa. Da na kai mata ziyara na tarar da ita tana bin tagogin tarago da ɗingishinta, tana kira: "Kano ko Kudu? Miƙo hannu!"

Dalbejiyar nan ta Gusau kuwa, fenti fari jami'in ya sa aka shafa mata.