Mai gadi a kan siminti

Shekara goma sha huɗu mai gadin nan ya yi a ɗakin bakin ƙofar ma'aikata, ɗakin da tsawonsa bai wuce kwanciyar mutum ɗaya ba. Zaman ya fito masa da tumbi, har sabon manaja ya ce ko ya rage ko a sauya shi. Barin ƙofa kuwa babu hali, sai ya riƙa kwantawa rigingine a kan siminti yana tasowa zaune, sau hamsin kullum. Cikin kwana shida ƙarshen ƙashin bayansa ya kumbura, fatar wurin ta saluɓe. Zama ya gagara, ga tsayuwar awa goma sha biyu.

Matarsa ta gan shi yana cin abinci a tsaye, ta ce, "Baban yara, tumbi aka ce ka rage, ba ƙashi ba. Bari ka warke, sannan ka ninka bargo ka shimfiɗa, ka lanƙwashe gwiwa, ka daina faɗawa da baya kamar buhu."

Ya bi maganarta, ciwon ya lafa. Yanzu sau goma yake yi a hankali, kunnensa na waje, don ko yana tsakiyar tasowa mota ta danna hon, dole ya miƙe.