Ludayin Gwaggo

Jiya ƙanwata ta buɗe jakarta a ɗakina, ƙanshin kanumfari ya buge ni, sai gabana ya faɗi. Wataƙila ka ce mene ne abin tsoro a kanumfari. Bari in gaya maka, gwargwadon abin da na iya tunawa.

A gidanmu na Matameye na tashi a hannun Kaka da Gwaggo. Gwaggo zabiya ce, sana'ar da ta gada wurin Kaka. Ba ta da lasifika, da maƙogwaronta take rinjayar kiɗan ƙwarya da guɗar mata. Kasuwarta ƙarshen bazara ce, sa'ad da 'yan cin rani suka dawo daga Kano, kowane gida na son gama biki kafin a fita shuka. Zafi ya yi zafi, hadari ya haɗu a gabas ya watse.

Kaka tana da doka. Duk ranar da ta ji muryar Gwaggo ta dushe, sai ta miƙa mata ƙwarya da ludayi. Daga nan ba magana. In tana son ruwa ta ƙwanƙwasa, in mu take kira ta ƙwanƙwasa. Ruwan ɗumi da zuma, surace safe da yamma. "Raɗa ma magana ce, 'yar nan," in ji Kaka.

Wata shekara ana cikin wannan shiru, wata Hajiya ta zo daga Tsauni da goron gayyata. Kaka ce ta yi waƙar aurenta, Gwaggo ta yi na 'ya'yanta, saura auta.

"Muryarta tana jinya, Hajiya," in ji Kaka.

"Haba Inna! Auta ce fa. A fitar da ita da bakin baƙuwa, a ce gidanku ya juya mana baya?"

 Gwaggo ta ajiye ludayin, ta karɓi goron. A wurinsu, wanda ya karɓi goro ya ɗaure kansa.

Ranar bikin Gwaggo ta cika kumatu da kanumfari da citta. Suna kashe ciwon maƙogwaro, ko in ce suna hana mutum jin sa. Ni ba likita ba ce, karatuna na jami'a wani fanni ne, amma ina zaton wannan bambanci ne ya cuce ta. Da la'asar ta ɗaga murya tana jero kakannin amarya, jijiyoyin wuyanta sun miƙe, sai sautin ya tsinke kamar zare. Bakinta na motsi, iska kawai ke fita. Masu ƙwarya sun jima suna kiɗa kafin su lura.

Damina ta sauka, gero ya nuna, aka yi girbi. Muryar ba ta dawo ba. Ludayin nan ya zama bakin Gwaggo har ta bar duniya.

Yanzu ƙanwata ce ke waƙa, a Damagaram, da lasifika da na'urar gyaran murya. Na ɗauka zamani ya kawar da wancan hatsarin, mai yiwuwa na yi kuskure. Tun bayan Sallah muryarta a shaƙe take. Na roƙe ta ta yi shiru, ta je likita ya duba ta.

Ta yi dariya a dushe. "Yaya, ke da tsoro! Biki ɗaya ne fa, kuma na riga na karɓi goro." Ta jefa kanumfari a baki.

Ludayin Gwaggo yana ƙasan akwatina. Bikin jibi ne.