Jan Fenti a Ƙarƙashin Fari

Mai Fenti ake ce masa, ko da yake rubutu ne sana'arsa. Duk allon da ke saman shago a layin nan hannunsa ne. Rabin masu shagunan baƙi ne, su suka fi ba shi aiki, don baƙo yana son a san inda yake. Ɗayansu, mai gidan burodi, har 'yar Mai Fenti ya aura. Da aka haifi jika sai aka sa wa shagon sunanta, kakan ya rubuta da jan fenti.

Sai zaɓe ya zo da masu cewa baƙi sun cinye arzikin gari, suka kuma ci. Baƙi suka yi ta tafiya. Surukin ma ya kwashi iyalinsa. Burodi ya yi tsada, masu gidajen haya suka koma sharar ɗakunan da ba kowa. Mai Fenti kuwa aka ba shi aikin shafe allunan da farin fenti. Shagon da aka shafe sunansa ba mai shi ke nan, sai a ba ɗan jam'iyya.

Na surukinsa ya bari ƙarshe. Matarsa ta ce, "Malam, in sun dawo, ina za su sauka?" Ya ɗauki farin fenti ya shafe allon.

Da safe sunan yarinyar ya fito, ja a cikin fari, kamar jini a bandeji.

Shugaban matasan jam'iyya ya zo yana huci. "Baba, fenti ka shafa ko ruwan wanki?"

"Haka ja yake, ɗana. Yana da wuyar binnewa."

Ya ƙara shafi, sunan ya sake fitowa. Wanda aka ba shagon ya hau kujera ya taɓa allon, ya ji shi ɗanye. Ya dubi yatsansa, ya mayar da makullin. Ba wanda ya ƙara nema.

Mai Fenti ya girgiza gwangwanin ja da ke bayan ƙofa, ya ji ya ragu. Wajen cin abinci kuma ya ga ja a gefen farcen matarsa. Ya tura mata kananzir da tsumma.

"Tsohuwa, da wannan gwiwar ake hawa tsani?"

"Taka ta fi tawa ne?"

"Hannunki dai ya faɗa. Har na tela da na mai gyaran waya sun fito tsaf."

Ta daina goge farcen. "Namu kaɗai na taɓa, Malam."

Suka leƙa layin. Shaguna a rufe, rana tsaka, ko kaza babu. Sunayen duk sun fito.

Bai sake ɗaukar farin fenti ba. Ita kuwa kullum da safe tana share ƙofar gidan burodin, ta yayyafa ruwa. Wani lokaci takan tarar an riga ta.