Lambar da Ruwa Ya Wanke

Mai Agogo ba ya amsa magana sai ya cire tabarau ya goge shi da bakin riga. Ko farashin batir ka tambaye shi sai ya yi hakan. Shekara talatin shagona na ɗinki yana jikin nasa, ban taɓa ganin ya yi gaggawar komai ba.

Ɗa ɗaya gare shi, direban babbar mota. Shekara shida ba su magana. Abin da ya raba su kalma ɗaya ce, uban ne ya faɗe ta, kuma a gaban mutane. Ba zan maimaita ta ba. Ɗan ya kwashe kayansa ya koma can ƙarshen gari, ya yi aure, ya haihu. Labarin jikan a bakin wasu Mai Agogo yake ji.

Da aka sa ranar wasan ƙwallo na ƙarshe na cin kofi, ya leƙo shagona ya tsaya yana kallon keken ɗinki.

"Tela, tikiti biyu nake so."

"Kai da wa? Ni dai ka san ciwon gwiwata."

Ya goge tabarau. "Yana ƙarami a wuya nake ɗaukarsa zuwa filin nan. A wurin ƙwallo mutum biyu za su iya zama kusa da juna minti casa'in, ba sai sun ce komai ba."

Na gane ɗansa yake nufi.

Ranar sayar da tikiti sanyi ya yi tsanani, irin wanda ke shiga ƙashi. Tun kafin kiran asuba ya isa bakin filin. Ni sai da gari ya fara haske na bi shi da shayi a fulas da bargo. Layi ya zagaye katanga, mutane sun ƙudundune, wasu sun hura wuta da kwali.

Layin yana da tsarinsa. Wani ƙato da suke kira Ciyaman shi ke bi da biro yana rubuta wa kowa lamba a bayan hannu. Mai Agogo ya samu ɗari biyu da sha biyu, lamba mai kyau. Waɗanda suka saba sukan naɗe hannun riga a rubuta musu can a damtse, sun san dalili. Shi bai sani ba. Da lokacin salla ya yi, ya je famfo ya yi alwala yadda ya saba, a tsanake, sau uku-uku.

Na iso daidai lokacin da Ciyaman ke duba hannaye.

"Baba, ina taka?"

Ya miƙa hannu. Sai ɗan shuɗi-shuɗi kawai.

"Wannan ai ba lamba ba ce, ƙyanda ce," in ji wani daga baya. Aka yi dariya.

Wani saurayi mai jar hula ya ce, "Ciyaman, tsohon nan yana gabana tun ɗazu. Har tarinsa na haddace."

"In na bar shi, kowa zai zo ya ce ruwa ya sha tasa. Baba, faɗi lambar mu ji."

Ya san ta. Ni ma daga baya ya faɗa mini ita. Amma ya cire tabarau ya fara gogewa. Kafin ya mayar, an buɗe tagar sayarwa, layi ya matse, gurbinsa ya rufe. Mai jar hula ya sunkuyar da kai, ya matsa gaba taku ɗaya.

Muka koma can baya. Na yafa masa bargo, ya sha shayi rabin kofi. Bai zagi kowa ba. Da ma ya yi zagin, da ya fi mini sauƙi.

Wajen azahar aka ce tikiti ya kusa ƙarewa, daga yanzu ɗaya-ɗaya za a ba kowa. Ya samu nasa. Da na miƙa hannu a bayansa don in saya masa na biyu, aka sauke taga.

"Aika wa ɗanka wannan ɗin," na ce a hanya. "Zai gane."

"Zai ce na sallame shi ne ya je shi kaɗai."

"To ka je gidansa, ka yi sallama kamar kowa."

Bai je ba. Kwana biyu yana zagaya wurin masu sayarwa a bayan fage, yana neman kujerar da ke kusa da tasa. Akwai tikiti, amma duk a wani ɓangaren filin. Ya ƙi. Tarin kuwa ya sauka ƙirji. A rana ta uku shagonsa bai buɗe ba, a ta biyar aka kai shi asibiti.

Na aika wa ɗan. Yana kan hanya da kaya, tafiyar kwana biyu. Ya zo, amma Mai Agogo ya riga ya rasu, har an dawo daga maƙabarta.

Shi ya buɗe shagon, ni na riƙe masa fitila don ciki da duhu. A kan tebur, tsakanin ƙananan sukurori, akwai ambulan da sunansa. Tikitin na ciki da takarda. Uban ya rubuta gaisuwa, ya tambayi lafiyar yaron da mahaifiyarsa. Layi na uku ya fara da "Game da abin da na faɗa ranar nan," daga nan babu komai.