Layar Turawa da Shanun Dikko

Sau ɗaya tak aka taɓa kayar da Ɗan Asabe dillalin shanu a gardama, kuma 'yar cikinsa ce ta kayar da shi. Rabi'atu, wadda ke karatun injiniya a jami'a, ta zo hutu Maradun da wani abin wuya na roba mai ɗan akwati kamar na ashana. Ta ce sashensu ne ya haɗa gwiwa da wata jami'a ta Turai suka ƙera shi. A rataya wa saniya, duk inda ta shiga waya za ta nuna.

"Tatsuniya," in ji Ɗan Asabe. "Ba ni shi in ɓoye. In kinka gano shi, a aske min geme."

Gemun dai ba wani abin a zo a gani ba ne, akuyar gidan ta fi shi. Ya karɓa ya kai maɓoyar da ya fi amincewa da ita a duniya, wata tsohuwar tukunya da aka kife bayan rumbu. Rabi'atu ta dubi waya ta miƙe, uwarta Gimbiya na biye, maƙwabta na biye da Gimbiya. Ko waiwaye ba ta yi ba ta je ta ɗaga tukunyar. Ga abin wuya kwance a kan batta uku na garin taba, tabar da maigidan ya rantse ya bari shekara goma sha ɗaya da suka wuce.

"Bar mishi gemen, Rabi," in ji Gimbiya. "Da shi shika shafe hanci."

Mako guda ana wannan dariya a unguwa, har aka raɗa wa abin suna layar Turawa. Shi ma ya taya su, amma tasa ba ta daɗe ba. Abin da mace ta kasa ganowa a gidanta shekara goma sha ɗaya, wannan abu ya tona kafin ruwan shayi ya tafasa.

Gidan fawa aka haifi Ɗan Asabe. Ubansa ya so ya riƙe wuƙa, amma ranar da aka ba shi rago ya feɗe sai da aka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo. Aka tura shi kara, inda ake cinikin shanu da rai, can bakinsa ya sami aiki. Yana iya yabon saniya mai tari har mai ita ya fasa sayarwa. Labarin kowa na bakinsa, wa ya yi aure, wa aka kora. Abu ɗaya ne ba a taɓa ji daga gare shi ba: inda garke yake kwana. Dokar dillalai ce tun kakanni. Da can don kada mai saye ya zagaye ka ya tafi ruga da kansa. Yanzu kuwa, tun da ɓarayin daji suka yi yawa, dokar ta koma ta rai.

Dikko, wani makiyayi na wajen Dosara, abokinsa ne na shekara talatin. Bayan 'yan kwanaki Dikko kan tayar da garkensa ya sauya wuri, ko surukansa ba ya faɗa wa. Ɗan Asabe kaɗai ya sani, don shi ke zuwa ya duba wadda za a fitar kasuwa.

Shi ya sa Dakta Kamaluddeen, malamin su Rabi'atu, ya zo har ƙofar gidansa. Mutum ne mai ladabi, gaisuwarsa ta kai har kan kaji. Shanu arba'in yake nema a rataya wa laya, don a gane burtali da mashaya, a san inda za a haƙa rijiyoyi masu aiki da hasken rana. In aikin ya yi kyau, Turawan za su ɗauki ɗalibai biyu su yi wata shida a can, sunan Rabi'atu ne na farko. Dikko kuwa ba zai yarda a taɓa wuyan ko maraƙi ba sai Ɗan Asabe ya ce to. Sai da Dakta ya tashi tafiya ya ambaci sharaɗin, kamar wanda ya tuna takalminsa: taswirar da ke nuna inda shanun suke za ta hau intanet, kowa a duniya ya gani, don haka masu ɗaukar nauyin aikin suka gindaya.

Ranar kasuwar da ta biyo, wani baƙo ya tsaya kusa da Ɗan Asabe a kara. Rawani ya rufe masa rabin fuska. Ya daɗe a tsaye bai buɗe bakin saniya ko ɗaya ya duba haƙori ba, bai taɓa tozo ba.

"Kai ne uban yarinya mai layar nan?" ya tambaya. "An ce tana nuna inda shanu suke."

"Taba taka nunawa," in ji Ɗan Asabe. "Tambayi matata."

Baƙon bai yi dariya ba. Ya hau babur ya nufi hanyar Tsibiri. Ɗan Asabe ya juya, idonsa ya faɗa kan teburin Isa mai shayi, teburin da ya yi wata biyu a kife tun da aka fara raɗe-raɗin shi ke kai wa mutanen daji labari. Ba wanda ya san ko gaskiya ne, ba kuma wanda ke tambayar ina Isa yake.

Rabi'atu ba sakara ba ce. Ta riga ta rubuta wa Turawan ta roƙi a riƙa jinkirta taswirar ko da wata uku, aka ce za a duba a taron baɗi.

"Baba, in ba a rataya ba kafin damina, wasu za a ɗauka," ta ce, ba ta ɗago kai ba.

"Na sani, ɗiyata." Karo na farko ke nan da aka ji ya yi magana guda ya tsaya.

Aka sa taron jin amsar Ɗan Asabe da hantsi a Talata Mafara, cikin wani aji da aka ara. Dikko ya zo ya zauna can baya, sandarsa a kan gwiwa. A fuskar kwamfuta ga wata farfesa mai furfura daga jami'ar Turawan, ta ce "sannu" da kyakkyawar niyya, Rabi'atu ce tafinta. Dakta ya yi bayani mai daɗi. Ya ce ilimi na kowa ne, da haka ƙasashe suka ci gaba, kuma an yi irin wannan a wurare da dama ba abin da ya faru.

"Wuraren nan, ana kore musu shanu da bindiga?" in ji Ɗan Asabe.

"Baba, ka kwantar da hankalinka," in ji Dakta. "Ai ba za a rubuta sunan kowa ba. Lamba kawai za a ba kowace saniya."

"Lamba."

"Lamba kawai. Ba mai sanin na wane ne."

Ɗan Asabe ya dubi 'yarsa. Ta san abin da ke tafe, ta san kuma wata shidan nan sun tafi, amma ta gyara zama don ta fassara. Ya ɗauki laya ɗaya daga kan tebur, ya kwance maɗaurinta a hankali, ya miƙa wa Dakta da hannu biyu.

"To bisimilla, Dakta, rataya. Ka tai Dosara ka kwana bakwai da ita a wuya, duniya duka na kallon inda kake. Kada ka damu, ba mu rubuta sunanka. Lamba za mu ba ka."