Adawiyya Dalhatu, Mai Tace Umarni Kafin Ya Kai Ga Famfo

Kowace safiya, idan Malama Adawiyya Dalhatu ta buɗe ɗan ofishinta da ke Kankia, sai ta kunna kwamfuta ta fara rubuta kuskure da gangan. Ta sa harafi inda ake son lamba, ta bar gurbi babu komai, ta juya kalmomi gaba da baya, tana duba ko manhajarta za ta gane.

Manhajar ta binciken matsala ce. Masu gyaran famfunan sola na rijiyoyin burtsatse a Kankia da Kusada suna haɗa ta da injin famfo, su rubuta umarni, ta gaya musu inda cutar take. Adawiyya ce ta gina sashen da ke karanta umarnin. Yana rarraba shi kalma-kalma, ya ware lambar famfo da adadin gudun da aka nema, ya tabbatar kowanne ya dace kafin ya miƙa wa inji.

Ummaru mai gyara ya ba ni labarin wata ranar bazara a garin Kaikai. Famfo ya tsaya, shanu sun cika bakin kwamin ruwa, makiyaya sun zuba masa ido. Cikin sauri ya so rubuta hamsin, yatsa ya ƙara sifili. Manhajar ta ƙi. Ta rubuta masa da Hausa: "Famfon nan ba ya wuce hamsin. Ɗari biyar ka rubuta. Sake dubawa."

"Wallahi manhajar nan ta cece ni," in ji Ummaru. "Da ta wuce da shi, injin ya ƙone, sai an nemo wani daga Kano. Shanun nan ina za su sha?"

Ya gyara lambar, ya gano wayar da ta saki, ruwa ya taho kafin la'asar. Da ya kira Adawiyya yana ba da haƙuri, cewa ta yi: "Haƙurin mi, Malam Ummaru? Kana cikin rana, mutane na jiranka. Gaya mani dai yadda ka rubuta, in ga ko saƙon ya fito a fili."

Malama Adawiyya, ke ce ba ki taɓa raina mai kuskure ba. Ke ce kika zauna da masu gyara kina sauraron kalmomin da suke faɗa a bakin rijiya, kika sa manhajar ta yi magana da su. Mai haƙurin tacewa, matan garuruwan Fakuwa da Boko suna ɗiban ruwa ba su san sunanki ba.

Bana za ta miƙa aikin ga waɗanda ta horar, ta koma koyarwa. Mun gode, Malama, Allah ya saka da alheri. Ku matasa masu rubuta manhaja, ku je ku zauna kusa da ita tun tana kusa. Ku koyi tuna mutumin da zai danna madannin, da gumi a hannunsa da garke a bayansa.